Man kariyar rana ga fuskar yaro mai tatata: wanda za a saya da yadda za a shafa

Yaro ɗan shekara 1 zuwa 3 ba ya zama wuri ɗaya, kuma ba ya neman inuwa da kansa. Riga ta rufe masa ƙirji da baya, wando ya rufe cinya, amma fuska da kunnuwa da ƙeya a fili suke wuni. Fatarsa ba ta kai ta babba kauri ba, shi ya sa rana ke saurin nunawa a jikinsa. Wanda aka goya ma bai tsira ba, domin idan ya kwantar da kai a bayan uwa, kunci ɗaya da kunne ɗaya da tsakar kai suna kallon sama har a je a dawo.

Zafin da muke ji a jiki daban, abin da ke ƙona fata daban. Mai ƙonawar wani haske ne da ido ba ya gani, ana kiransa UV, kuma iri biyu ne suke isowa gare mu. UVB shi ke ƙona saman fata. UVA ya fi shiga ciki, yana ratsa gilashin taga, yana kuma sa tabo ya ƙara duhu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a fara kare fata da zarar ma'aunin UV, wato lambar da ke nuna ƙarfin wannan haske, ya kai 3. A Kano da Sakkwato da Maiduguri da Damagaram, tsakar ranar bazara ma'aunin kan kai 11 ko ya wuce. Sanyin gari ba ya hana shi: Jos tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, kuma ƙarfin UV yana ƙaruwa da kusan kashi 10 cikin 100 a kowace mita 1,000 da aka hau. Hazon hunturu da gajimaren damina suna rage shi, amma ba sa kawar da shi. Yawancin manhajojin yanayi na waya suna nuna wannan ma'auni. Idan babu waya, ku dubi inuwar yaron a ƙasa. Muddin ta fi shi gajarta, rana na da ƙarfi.

Wane yaro ne ya fi buƙata

Ba duk yara ne buƙatarsu ɗaya ba, kuma gara a faɗi haka ɓaro-ɓaro, tunda man kariyar rana yana da tsada. Baƙar fata tana da tata kariyar ta halitta, wadda aka ƙiyasta da kusan SPF 13 (SPF ita ce lambar da ake rubutawa a jikin robar man don nuna ƙarfin kariyarsa). Yaro baƙi mai lafiyar fata da ke wasa a tsakar gida, yana shiga inuwa yana fita, hula da riga da hana shi fita tsakar rana sun yi masa rabin aiki ko fiye. Zai buƙaci man ne ranar da za a daɗe a fili: tafiya a kan babur, filin idi, kallon hawan salla, gona, bakin ruwa, doguwar tafiya a mota yana gefen taga.

Akwai kuma yaran da man ya zama musu dole. Na farko shi ne zabiya. Fatarsa ba ta da sinadarin da ke ba fata launi ya kuma tare haske, saboda haka kowace fita ba kariya tana barin illa, illar tana taruwa, kuma a ƙasashenmu masu zafi sankarar fata tana kama zabiya tun suna matasa. Shi kullum ne, damina da rani, da SPF 50 ko sama, tare da hula mai faɗi da riga mai dogon hannu. Bayansa sai yaro mai hasken fata sosai, da wanda ke da farin tabo inda launi ya ɓace, da wanda ya warke daga ƙuna ko ƙyanda ko ƙuraje kuma sabuwar fata ba ta gama komawa daidai ba. A baƙar fata, irin wannan wurin idan rana ta yi ta dukansa sai ya zama baƙin tabo mai daɗewa. Wasu magunguna ma suna sa fata ta kasa jure rana, cikinsu har da Septrin, da kuma griseofulvin, wanda ake ba yara saboda makero. Idan an rubuta wa yaro ɗayansu, ku tambayi likita ko mai famasi.

Sai yaron da aka shafa wa man bilicin, ko sabulu da haɗin da ake ce wa “na ƙara haske”. Waɗannan kan ƙunshi hydroquinone ko mercury ko sitiroyid mai ƙarfi, suna sirantar da fata, suna kuma shiga jinin yaro. Man kariyar rana ba zai gyara wannan ba. A daina shafawa, a kai shi asibiti a duba fatar.

Jaririn da bai kai wata 6 ba ba ya cikin wannan bayani. Shi inuwa da tufafi ne kariyarsa.

Abin da za ku duba a jikin roba

Ku juya robar ku karanta bayanta, can inda aka jera sinadaran da ke aiki. Ga fuskar ƙaramin yaro, abin nema shi ne zinc oxide, shi kaɗai ko tare da titanium dioxide. Waɗannan biyun garin ma'adini ne, suna zama a saman fata, ba kasafai suke sa ƙaiƙayi ba, kuma idan gumi ya gangaro da su ido ba sa yin zafi kamar sauran. Zinc oxide ya fi ɗan'uwansa tare UVA, shi ya sa aka fi son a gan shi a ciki. A 2019 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta ware waɗannan biyun a matsayin waɗanda take da isasshiyar hujja kan amincinsu, ta kuma nemi ƙarin bincike a kan sauran, irin su oxybenzone da avobenzone da octocrylene, waɗanda gwaji ya nuna suna ratsa fata su shiga jini. Ba a tabbatar suna cutarwa ba, kuma idan su kaɗai ake da su ranar da za a wuni a rana, gara a shafa da a bar yaro ya ƙone. Amma idan akwai zaɓi, ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ba da shawarar a kauce wa oxybenzone.

Lambar SPF tana magana ne a kan UVB kawai. SPF 15 yana tare kusan kashi 93 cikin 100, SPF 30 kusan 97, SPF 50 kusan 98. Kun ga tazarar da ke tsakanin 30 da 50 ba ta da yawa a takarda, kuma babu lambar da ke tare duka. SPF 30 ya wadatar ga yawancin yara. Amfanin 50 shi ne yana cike gurbin ƙarancin shafawa, wanda kusan kowa ke yi. Kashe kuɗi a kan 100 ba shi da wata fa'ida mai yawa, sau da yawa ma sai ya sa iyaye su saki jiki su ƙi maimaitawa.

Don tabbatar da kariya daga UVA, ku nemi ɗaya daga cikin alamomin nan: rubutun Broad Spectrum a kayan Amurka, haruffan UVA a cikin da'ira a kayan Turai, ko PA mai alamar tarawa uku ko huɗu a kayan Japan da Koriya. Idan babu ko ɗaya, ku ajiye. A ƙasa mai gumi irin tamu ana kuma buƙatar wanda aka rubuta yana jure ruwa, minti 40 ko minti 80. Ma'anar lambar ita ce iyakar lokacin da zai yi aiki a jiƙaƙƙiyar fata, daga nan sai an sake.

Ku guji mai turare, domin turare na cikin abubuwan da suka fi tayar da fatar yara. Hoton jariri a gaban roba ba hujja ba ce, sinadaran da ke baya su ne abin dubawa. Ku duba ranar ƙarewar aiki da lambar rajistar NAFDAC idan a Najeriya kuke. Ku saya a famasi ko kanti mai rufi. Robar da ta yi makonni a kan tebur a tsakiyar kasuwa rana na dukanta, ko da ta gaskiya ce, zafi ya riga ya taɓa ta.

Ta fuskar siffa, iri uku ne a kasuwa. Mai kauri na cikin matsattsiyar roba ya fi sauƙin aunawa, shi ne na goshi da kumatu da wuya. Na sanda, mai kama da man leɓe babba, ba ya gudu, don haka ya fi dacewa da kewayen ido da karan hanci da kunne. Na feshi kuwa ba na fuskar yaro ba ne: zai shaƙe shi, zai shiga ido, iska za ta kwashe rabi, kuma yana kama wuta idan aka matso kusa da murhu. Idan shi kaɗai ke hannu, ku fesa a tafin hannunku nesa da yaron, sannan ku shafa masa.

Man kaɗanya da man kwakwa da basilin da man shanu duk suna tausasa fata, musamman a hunturu, amma ba sa tare UV yadda za a dogara da su. Man da ake shafa wa jarirai don ƙurajen kunzugu yana da zinc oxide, sai dai ba a haɗa shi ko gwada shi don rana ba, garin da ke ciki ba ya bazuwa daidai. Haka ma haɗin gida da ake koyarwa a intanet.

Gwaji kafin fuska

Sabon mai ba a fara shi da fuska, kuma ba a fara shi ranar fita. Ku shafa ɗan kaɗan a cikin damtsen yaron ko bayan kunne, ku bar shi, ku duba bayan awa 24, ku sake dubawa bayan awa 48. A baƙar fata ja ba ya fitowa sosai, saboda haka ku shafa wurin da yatsa ku ji ko ya yi gurji-gurji, ko ya kumbura, ko ya fi kewayensa ɗumi, ku kuma lura ko yaron yana sosawa. Idan yaro yana da busasshiyar fata mai ƙaiƙayi da tsagewa, kada a sa man a kan wurin da ya buɗe ko yake ruwa. Hula ta rufe wannan wurin har ya warke.

Yawan da za a shafa

Nan ne yawancin mutane ke faɗuwa. Lambar SPF da ke jikin roba an same ta ne da shafa miligiram 2 a kan kowace murabba'in santimita ta fata, kuma wannan ya fi abin da hannu ya saba ɗiba. Wanda ya shafa rabin haka, kariyar da zai samu rabi ce ko ƙasa da rabi. Ga yaro mai tatata, fuska da kunnuwa da wuya gaba da baya suna cin kusan kwatan ƙaramin cokali, wato mililita 1.25. Cokulan gida ba girmansu ɗaya ba, don haka ku ɗauki murfin awo na maganin ruwa na yara, mai layin 2.5, ku matsa man zuwa rabin layin. Ku juye a tafin hannu ku ga yawansa. Sau biyu ko uku kuka yi haka ido zai riƙe.

Wannan awon yana ba ku hanyar bincikar kanku. Idan ana shafawa sau 2 a rana, mililita 2.5 ke nan, robar mililita 100 za ta ƙare cikin kwana 40 ko da fuska da wuya kawai ake yi wa. Robar da ake taɓawa kullum amma ta kai wata shida, ba auki ta yi ba, shafawar ce ba ta isa. Kada kuma a gauraya man da basilin ko man shafawa don ya daɗe, domin hakan yana tsinka shi ya ɓata yadda yake kwanciya a fata. Idan kuɗi bai isa ba, ku rage yawan wurin da ake shafawa ta hanyar rufe shi da tufafi da hula, ku bar man ga inda ba ya rufuwa.

Yadda ake shafawa

A yi shi a ɗaki, minti 15 zuwa 20 kafin fita, fuska a wanke a bushe. Mai ba ya kama jiƙaƙƙiyar fata ko mai gumi. Idan za a sa man tausasa fata, shi ne farko, siriri, a ba shi kamar minti 10 ya shige. Basilin mai yawa a ƙasa yana sa man kariyar ya riƙa zamewa, don haka a ranar fita a bar basilin sai dare.

Ku zaunar da yaron a cinya, bayansa a ƙirjinku, ku shafa daga baya. Hannun da ya taho daga gaba kai tsaye zuwa ido shi ke sa yaro ya kau da kai ya fara kuka. Madubi a gabansa yana taimakawa, haka ma a ba shi ɗan ɗigo ya shafa a gwiwarsa ko a hannunku, amma a goge masa yatsu bayan nan don kada ya kai ido ko baki.

Ku ɗiɗɗiga man a goshi, kumatu biyu, karan hanci da haɓa, sannan ku baje kowane ɗigo daga tsakiyar fuska zuwa gefe, kuna jan hannu nesa da ido. Ba a murza shi da ƙarfi har ya ɓace. Abin da ake so shi ne shimfiɗa ɗaya mai kauri daidai, kamar shafen siminti a bango: inda aka bar rami, nan ruwa ke shiga. Ya fi kyau a raba awon biyu, a shafa rabi, a jira minti biyu ko uku, a bi da sauran. Zagaye na biyu yana rufe wuraren da na farko ya tsallake, kuma farin da man ke bari a fata ba ya taruwa wuri ɗaya.

A kewayen ido ku tsaya a kan ƙashin da ke zagaye da shi, kada ku kai gashin ido. A goshi ku rage kauri daf da gira, tunda daga nan gumi ke gangarowa. Idan da na sanda kuke aiki, wucewa ɗaya ba ta isa, sai an kai an komo sau huɗu a kowane wuri, sannan a daidaita da yatsa.

Wuraren da ake mantawa su ne saman kunne da bayansa, ƙeya, gefen hanci, tsakanin hanci da leɓe, da bakin gashi. Yaron da aka yi wa aski, fatar kansa duka a fili take. Yarinya mai kitso, kowace tsaga rana na samunta. Hula ce ta fi dacewa da waɗannan, mai baki zagaye da ke inuwantar da kunne da wuya, da igiya a haɓa. Hana-salla goshi da hanci kawai take rufewa. Leɓen ƙasa yana ƙonewa, musamman ga zabiya, kuma akwai man leɓe mai SPF 30 da aka yi don haka.

Maimaitawa da wankewa

Muddin yaro yana waje, a sake shafawa duk bayan awa 2. A sake kuma nan take idan ya yi wanka ko wasan ruwa, ko ya yi gumi sharkaf, ko an goge masa fuska. Wannan na ƙarshen shi ne ya fi yawa ga masu tatata: majina, yawu, abinci, hawaye, kowanne sai an bi da tsumma, kuma tsumman yana tafiya da man. Kafin a maimaita, a ɗan dadanna fuskar da kyalle mai tsabta ta bushe, a kakkaɓe ƙura. Idan ana kai yaro gidan reno ko wurin kaka, a haɗa da robar, a nuna wa mai kula da shi awon.

Da yamma a wanke. Mai jure ruwa ba ya fita da ruwa zalla. A shafa ɗan man jarirai ko man kwakwa a auduga a goge a hankali, a bi da sabulu marar ƙarfi da ruwa mai ɗumi, ban da soso. Barin shi ya kwana tare da gumi da ƙura yana toshe ƙofofin gumi, ƙurajen zafi su feso a goshi da wuya.

Abubuwan da kan faru

Fuska ta yi toka-toka. Wannan halin zinc oxide ne a baƙar fata, kuma shi ke sa iyaye da yawa su rage yawan man ko su daina gaba ɗaya. Ba illa ba ce, yana ma nuna inda aka tsallake. Shafawa kashi biyu yana rage shi. Akwai kuma mai launi, wanda aka sa wa iron oxides, yana sajewa da fata, yana kuma ƙara tare hasken da ke duhunta tabo, sai dai yana ɓata wuyan riga.

Ya shiga ido. A kwantar da yaron a karkace, idon da abin ya shiga yana ƙasa, a riƙa zuba ruwa mai tsabta a hankali daga gefen hanci zuwa waje na minti 10 zuwa 15. Ban da nono, ban da kwalli, ban da maganin ɗigawa da likita bai rubuta ba. Idan bayan awa ɗaya ido yana rufe ko ja bai ragu ba, a je asibiti. Lasar ɗan kaɗan a leɓe ba abin tashin hankali ba ce, a goge baki a ba shi ruwa. Idan ya sha da yawa daga roba, a tafi da shi da robar.

Man yana murmushewa a fuska. Ko dai an sa shi a kan wani man da bai bushe ba, ko an murza da yawa. Idan kuma daga roba ya fito ruwa daban, gari daban, ko warinsa ko launinsa ya canza, ya lalace, a zubar. Zafi ne ke jawo haka, don haka ba a barinsa a cikin mota ko bakin taga. Hoton buɗaɗɗen gwangwani mai 12M a jiki yana nufin wata 12 bayan buɗewa.

Maganin sauro na shafawa. Man kariyar rana ne farko, a bar shi ya bushe, sannan maganin sauro, kuma shi ba a kai shi kusa da ido da baki da tafin hannun yaro. Ku guji robar da ta haɗa biyun, domin ɗaya yana son maimaitawa duk awa 2, ɗayan kuwa ba a so ya yi yawa a jikin yaro.

Wasu iyaye suna tsoron man zai hana yaro samun bitamin D ƙafafunsa su lanƙwashe. Shafawar yau da kullum ba a ga tana jawo haka ba, tunda fuska ƙaramin yanki ce kuma babu man da ke tare haske duka. Binciken da aka yi a Jos ma ya nuna cewa lanƙwashewar ƙafa a yaran yankin ta fi alaƙa da ƙarancin kalsiyam a abinci. Wasan safe da na la'asar a waje yana da kyau a bar wa yaro.

Idan duk da haka ya ƙone, alamar kan fito bayan wasu awanni: fata ta yi zafi, ta yi ja ko ta ƙara duhu, yaro ya ƙi a taɓa wurin. A shigar da shi inuwa, a ɗora kyalle mai ruwan sanyi na minti 10 zuwa 15, a yawaita ba shi ruwa ko nono, a ba shi farasitamol gwargwadon nauyinsa idan yana jin ciwo. Ban da ƙanƙara kai tsaye, ban da man goge baki, manja ko ɗanyen ƙwai. Idan ƙuraje masu ruwa suka taso kada a fasa su. Su, da zazzaɓi, da amai, da kumburin fuska, da kasala, da raguwar fitsari, kowanne dalili ne na zuwa asibiti a ranar. Zabiyan da aka ga wani wuri a fuskarsa ko kunnensa ko leɓensa ya yi kaushi, ko gyambon da ya ƙi warkewa, a kai shi wurin likitan fata ba tare da jira ba, kuma ko babu komai a riƙa kai shi ana duba fatar aƙalla sau ɗaya a shekara.